Kwaltar Itacen Fayin

Kwaltar fayin wani ruwa ne mai kauri da danƙo, launinsa daga ja-ja-ja zuwa baƙi, mai ƙanshin hayaƙi, wanda ake tatsowa daga itacen fayin (pine, wata bishiya mai ganye kamar allura) ta hanyar gasa shi a inda iska ba ta shiga sosai. Sunan kawai ya haɗa ta da kwaltar titi, wadda ake samu daga man fetur ko kwal. Ita wannan daga ƙaron da ke cikin itace take fitowa. Mutanen arewacin Turai, musamman Finlan, Suwidin da Norwe, sun shafe ɗaruruwan shekaru suna dafa ta don kare jiragen ruwa, igiyoyi da rufin katako daga ruɓewa.

Sana'ar gaba ɗaya ta rataya a kan abu guda: a ba itace zafi, a hana shi iska. Idan zafi ya kai wajen digiri 300 zuwa 400 a ma'aunin Salshiyas, ƙaron yakan narke, itacen ya fara rushewa, ruwan ya gangaro ƙasa, gawayi ya rage a sama. Da zarar iska ta sami ƙofa, wuta za ta cinye kwaltar kafin ta sauko.

Zaɓen itace

A nan ake cin riba ko a yi asara tun kafin a kunna wuta. Itace mafi kyau shi ne tsohon kututturen fayin da saiwoyinsa, wanda aka sare bishiyarsa shekaru da dama da suka wuce. Farin itacen waje ya riga ya ruɓe, zuciyar ta rage cike da ƙaro. Ana gane na ƙwarai da nauyinsa a hannu, da jan launinsa, da ƙanshi mai ratsa hanci idan aka faskara shi; siririn faskarensa yana kama wuta nan take, yana fitar da baƙin hayaƙi. Farin itace marar nauyi ruwa mai tsami kawai zai bayar.

Da kututture ya kasa biyan buƙatar kasuwa, manoman Finlan suka koma tilasta wa bishiya mai rai ta tara ƙaro. Sai a ɓare ɓawonta daga ƙasa, a bar siririn layi guda a gefen arewa don kada ta mutu, kowace shekara a ƙara ɓarewa zuwa sama. Bishiyar tana ta zubo ƙaro don rufe rauninta, har bayan shekara uku ko huɗu a sare ta, a faskara, a shanya. Dabarar ta yi aiki, amma ta cinye dazuzzuka masu yawa.

Ramin dahuwa

Ramin gargajiya, wanda ake kira tervahauta a Finlan, ana haƙa shi ne a gefen tudu da siffar mazurari. A daɓe cikinsa da yumɓu, a shimfiɗa ɓawon itace, a bar rami a tsakiyar gindi wanda ya haɗu da bututun katako mai gangarowa waje zuwa inda ganga take. Ana jera faskaren kamar sandunan laima, kowane bakinsa na kallon tsakiya kuma ya ɗan sunkuya, domin kwalta ta bi jikinsa ta gangara. A matse jerin sosai, a cike kowane gurbi, har tulin ya yi tozo. Daga nan a lulluɓe shi da gansakuka da ƙasa, a bar ƙananan ƙofofi a kewayen gindi, a kunna wuta ta nan zagaye guda.

Wanda ya taɓa ganin masu ƙona gawayi zai gane aikin, sai dai a nan gawayin rara ne. Galibi a farkon bazararsu ake kunnawa, cikin watan Yuni, a daren da iska ta kwanta. Babban rami yakan ci kwanaki, wani har mako, kuma ba a barin sa ko na sa'a ɗaya. Shugaban dahuwa yana karanta hayaƙi: fari mai kauri alama ce ta lafiya, in ya koma shuɗi siriri to wuta ta sami iska, sai a yi maza a toshe wurin da ƙasa. Yayin da itacen ke raguwa tulin yana zama, ana bubbuga shi don kada kogo ya buɗe a ciki. Bututun ma a toshe yake, sai lokacin tara. In aka bar shi a buɗe zai zuƙo iska, wuta ta biyo kwaltar.

Abin da ke fara fitowa ruwa ne mai tsami. Bayansa kwalta mai haske da laushi, wadda ta fi kowace daraja, can ƙarshe kuma baƙa mai kauri.

Dabarar gwangwani biyu

Mai zaman daji da ke son kaɗan ba ya buƙatar rami. Ya sami gwangwanin ƙarfe mai murfi, wanda aka ƙone fentin cikinsa, ya huda gindinsa a tsakiya, ya ɗan lotsa shi ƙasa. Ya cika shi da faskare mai kaurin yatsa, a tsaye, a matse. Ƙaramin gwangwani na tara ruwa a binne shi a ƙasa, a ɗora babban a kansa, a liƙe mahaɗar da laka. Sai a hura wuta a kewaye da saman babban, a riƙe ta sa'a uku zuwa huɗu.

Kurakuran sanannu ne. Wuta mai ƙarfi tun farko tana ba da kwalta ƙonanniya mai ɗaci da ƙarancin yawa. Wuta marar ƙarfi tana barin itacen ciki ɗanye. Gwangwanin ƙasa in bai nutse sosai ba zai yi zafi, kwaltar ta tafasa ta ƙafe. Mafi haɗari shi ne buɗewa da zafi, domin tururin da ke ciki yana kamawa da zarar ya haɗu da iska. A bari ya huce sarai, a tsiyaye ruwan da ya rabu, a tace da tsumma. In ana son ta yi kauri ta zama abin liƙi, a dafa ta a hankali a fili, da murfi a kusa, kuma kada a zuba mata ruwa in ta kama wuta.

Kasuwa da amfani

A 1648 wani kamfani a Suwidin ya sami ikon fitar da kwalta shi kaɗai, kuma da yake ta tashar Stockholm take fita, sunan birnin ya manne wa kwalta mai kyau har yau. Ingila, don rage dogaro da arewacin Turai, ta kafa doka a 1705 mai ba da lada ga kwaltar da ta fito daga yankunanta na Amurka, sana'ar ta kafu a Karolina ta Arewa. A ƙarni na 19 birnin Oulu na Finlan ya shahara da ita: daga yankin Kainuu ake lodo ganguna masu cin lita 125 a dogayen kwale-kwale, a biyo kogi da su zuwa teku. Zuwan jiragen ƙarfe ne ya karya kasuwar.

Har yanzu ana shafa ta a tsofaffin majami'un katako na Norwe irin na Borgund, da kwale-kwale, da kofaton doki, ana kuma sa ta a sabulu. Masu gyaran katako sukan haɗa ta da man linsid (man 'ya'yan wani tsiro da ake shafa wa katako) da tafentain (ruwan tsinka fenti) kashi ɗaya-ɗaya, su ɗumama, su shafa siriri a busasshen katako a rana mai zafi. Shafi mai kauri ba ya shiga itace, yakan yi makonni yana danƙo.