Ilimin ƙididdigar besbol

Ilimin ƙididdigar besbol, wanda a Amurka ake kira sabermetrics, fanni ne na auna ƙwazon 'yan wasa da ƙungiyoyin ƙwallon besbol ta hanyar alƙaluman da aka tattara daga wasanni, maimakon dogaro da abin da ido ya gani ko abin da aka gada daga bakin tsofaffin 'yan wasa. Marubuci Bill James ne ya raɗa masa wannan suna, inda ya ciro shi daga SABR, ƙungiyar masu binciken tarihin wasan da aka kafa a garin Cooperstown na jihar New York a 1971. Mafi yawan tubalan fannin ba ƙungiyoyin ƙwararru ne suka aza su ba. 'Yan kallo ne, masu sana'o'insu na daban, waɗanda suka riƙa lissafi a gidajensu da dare suna buga sakamakon a ƙananan littattafai, daga baya kuma a intanet. Sai da aka kwashe shekaru masu yawa kafin masu ƙungiyoyi suka saurare su.

Abin da ake ƙirgawa

A besbol kowace ƙungiya tana da mutum tara a fili, kuma karɓa-karɓa ake yi: ɗaya tana bugu, ɗaya tana jifa da tsaron fili. Mai jifa ya wurgo ƙwallo, mai bugu ya doke ta da sanda ya ruga zuwa tasha ta farko. Wanda ya zagaye tashoshi uku ya dawo inda ya taso ya ci maki ɗaya. Da zarar an fitar da mutum uku daga cikin masu bugu sai a yi musaya, kuma zagaye tara ake yi. Ke nan kowace ƙungiya tana da fita 27 kacal a wasa. Ba lokaci ne ke ƙare wasan ba, fitar nan ce, don haka ita ce jarin ƙungiya, kuma kusan duk abin da fannin ya gano yana komawa ne ga tambaya ɗaya: me aka samu kafin jarin ya ƙare?

Wasan ya dace da lissafi fiye da ƙwallon ƙafa saboda a gutsure yake. Kowane jifa yana da farko da ƙarshe, kowace arangama tsakanin mai jifa da mai bugu tana da sakamakon da za a iya rubutawa. Ga kuma yawa: babbar gasar besbol ta Amurka da Kanada, MLB, tana da ƙungiyoyi 30, kowacce tana buga wasa 162 a kaka, jimilla wasa 2,430.

Tsoffin ma'aunai

Henry Chadwick, ɗan jarida haifaffen Ingila wanda ya fara da rahoton wasan kurket kafin ya koma besbol a New York, shi ake dangantawa da teburin sakamakon wasa da jaridu suka fara bugawa a wajen 1859. Daga wannan zamani aka gaji matsakaicin bugu, wato a raba adadin bugun da ya kai mutum tasha da adadin damar da ya samu. Ana rubuta shi da lamba uku bayan ɗigo. Wanda ya kai .300 gwani ne, kuma tun 1941, lokacin da Ted Williams ya buga .406, babu wanda ya sake kaiwa .400 a manyan gasannin biyu na American League da National League.

Ma'aunin yana da giɓi biyu. Na farko, bai damu da nisan bugu ba: wanda ya doki ƙwallo ta tsallake katangar fili da wanda ya lallaɓa ya kai tasha ta farko duk ɗaya ne a wurinsa. Na biyu, ba ya ƙirga wucewa kyauta, wato idan mai jifa ya yi kuskuren saiti sau huɗu aka ba mai bugu tasha ta farko ba tare da ya buga ba. An ɗauki wannan a matsayin laifin mai jifa kawai, ba dabarar mai bugu ba, ban da kakar 1887 da aka ƙirga shi a matsayin bugu sannan aka soke.

An daɗe ana samun masu ƙorafi. F. C. Lane, editan wata mujallar besbol, ya soki matsakaicin bugu tun a 1916. A 1947 Branch Rickey na Brooklyn Dodgers ya ɗauki Allan Roth aikin ƙididdiga na dindindin, kuma a 1954 Rickey ya bayyana a mujallar Life cewa yawan isa tasha da ƙarfin bugu su ne abin dubawa. George Lindsey, masani a ma'aikatar tsaron Kanada, ya yi amfani da bayanan wasanni da shi da mahaifinsa suka rubuta da hannu, ya fitar da lissafin makin da ake sa ran samu a kowane yanayi na wasa. Earnshaw Cook ya fitar da littafi a kan batun a 1964. Dukkansu sun yi magana, amma masu horarwa suka ci gaba da harkarsu yadda suka saba.

Bill James

An haifi James a jihar Kansas a 1949. Yana aikin gadin dare a wata masana'antar gwangwanin wake a garin Lawrence ne ya fara rubutu. A 1977 ya buga littafinsa na farko, Baseball Abstract, da kuɗin aljihunsa, ya yi tallarsa a jaridar The Sporting News, ya sayar da kwafi kimanin 75. Ya ci gaba da fitar da sabo kowace shekara. Bayan mujallar Sports Illustrated ta yi rubutu a kansa a 1981, kamfanin Ballantine ya karɓi bugun littafin daga 1982 zuwa 1988, ya kuma shiga sahun littattafan da aka fi saye.

Ƙarfin James ba a zurfin lissafi yake ba, domin yawancin dabarunsa ɗan sakandare zai iya bi. Ƙarfinsa shi ne ya ɗauki maganar da kowa ya yarda da ita ya tambaya: in gaskiya ce, me ya kamata mu gani a alƙaluma? Sai ya je ya duba. Sanannen misali shi ne ƙa'idarsa ta hasashen nasara. A ninka makin da ƙungiya ta ci da kansa, a ninka wanda aka ci ta da kansa, sannan a raba na farkon da jimillar biyun. Ƙungiyar da ta ci 800 aka ci ta 700 za ta samu kusan kashi 57 cikin ɗari, wato nasara 92 a wasa 162. Idan ta yi nasara 100, to akwai alamar sa'a ta taimaka mata a wasannin da aka tashi da ratar maki ɗaya, kuma ba a cika maimaita irin wannan sa'ar a kaka ta gaba ba.

A 1984 Pete Palmer da John Thorn suka fitar da The Hidden Game of Baseball, inda suka ba kowane irin bugu darajarsa ta maki. Palmer ne kuma ya yaɗa OPS, wanda ke haɗa yawan isa tasha, OBP, da ƙarfin bugu. OBP shi ne ya fi kusa da zuciyar fannin, don yana amsa tambayar sau nawa mutum ya tsira daga fita. Williams ne ke riƙe da tarihinsa na tsawon rayuwar wasa da .482, Barry Bonds kuma na kaka ɗaya da .609 a 2004, shekarar da aka ba shi wucewa kyauta sau 232.

Zamanin intanet

A 1989 David Smith, malamin jami'a, ya kafa Retrosheet, inda 'yan sa kai ke tono tsoffin takardun wasanni suna shigar da su kwamfuta kyauta. Baseball Prospectus ta fara a 1996, Sean Forman ya buɗe Baseball-Reference a 2000, FanGraphs ta biyo baya a 2005. Irin wannan aikin tono ne ya sa aka iya haɗa alƙaluman gasannin baƙaƙen fata na zamanin wariya. A 2020 MLB ta amince da bakwai daga cikinsu, na 1920 zuwa 1948, a matsayin manyan gasanni, kuma da aka shigar da alƙaluman a 2024 Josh Gibson ya hau kan Ty Cobb, wanda ke riƙe da tarihin a da, a matsakaicin bugu na tsawon rayuwa da .372.

Binciken da ya fi girgiza fannin ya fito ne daga Voros McCracken, wanda ba kowa ya san shi ba lokacin da ya fara yaɗa shi a 1999, kafin Baseball Prospectus ta buga shi a 2001. Ya nuna cewa da zarar an doki ƙwallo ta faɗa cikin fili, mai jifa ba shi da iko sosai a kan ko za a cafke ta ko ba za a cafke ba. Manyan gwanaye da 'yan baya-baya duk suna yawo ne a kusa da .300 a wannan ɓangare, kuma wanda ya yi fice bana yana iya zama na ƙarshe baɗi. Abin da ke hannun mai jifa uku ne: fitar da mai bugu da jifa, ba da wucewa kyauta, da barin a tsallake katanga. Da farko mutane da yawa sun ƙi yarda, har da masana fannin. Bincike na baya ya nuna McCracken ya ɗan wuce gona da iri, domin wasu masu jifa suna da ɗan tasiri, amma ginshiƙin maganarsa ya tsaya, kuma a kansa Tom Tango ya gina ma'aunin FIP, wanda ke auna mai jifa da abin da ke hannunsa kawai.

Oakland, 2002

Duniya ta san fannin ne ta littafin Moneyball na Michael Lewis, na 2003, da fim ɗin da aka yi a kansa a 2011. A 2002 ƙungiyar Oakland Athletics tana biyan albashin da bai wuce kashi ɗaya cikin uku na New York Yankees ba, ga shi ta rasa Jason Giambi da Johnny Damon da Jason Isringhausen. Manajanta Billy Beane da mataimakinsa Paul DePodesta suka lura kasuwa ba ta biyan OBP kuɗin da ya dace, sai suka kwaso 'yan wasa masu arha da suka iya isa tasha, irin su Scott Hatteberg. Ƙungiyar ta yi nasara 103, ciki har da 20 a jere.

Labarin yakan rage wani abu. Oakland ta 2002 tana da Tim Hudson da Mark Mulder da Barry Zito a jifa, da Miguel Tejada wanda ya zama gwarzon gasar a shekarar, kuma waɗannan ba teburin lissafi kaɗai ne ya samo su ba, masu yawon neman hazaƙa ne suka gano su. Kuma Minnesota Twins ta fitar da ita a zagayen farko na wasannin ƙarshe. Daga baya kofin ya je wa masu kuɗin da suka kwaikwayi dabarar: Boston Red Sox ta ɗauki James aikin ba da shawara a ƙarshen 2002, ta kuma ci kofin World Series a 2004, karo na farko tun 1918.

WAR da gardamarsa

Ma'aunin WAR yana ƙoƙarin tattara bugu da gudu da tsaron fili da jifa cikin lamba ɗaya: nasara nawa ɗan wasa ya ƙara wa ƙungiyarsa a kan wanda za a iya ɗaukowa da arha daga ƙaramar gasa. Kusan maki 10 ne ke zama nasara ɗaya. Ana gyara lissafin gwargwadon filin wasa, domin a Coors Field na Denver, mai tsayin kusan mita 1,600 daga teku, ƙwallo tana tafiya nesa fiye da ko'ina. Baseball-Reference da FanGraphs kowacce da nata tsarin, kuma sukan saɓa, musamman a kan masu jifa da tsaron fili. Wanda ya kafa hujja da ratar 0.3 tsakanin mutum biyu ya ɗora wa ma'aunin kayan da ya fi ƙarfinsa.

A 2012 Miguel Cabrera ya zo na ɗaya a gasar American League a matsakaicin bugu da .330, da tsallake katanga 44, da shigo da maki 139, abin da ba a yi ba tun 1967. Mike Trout kuwa ya haura 10 a WAR, ya ba shi rata mai yawa. 'Yan jarida masu zaɓe suka ba Cabrera kyautar gwarzo. A ɓangaren jifa tunani ya riga ya sauya: Félix Hernández ya ci kyautar Cy Young ta gwarzon mai jifa a 2010 da nasara 13 kacal da faɗuwa 12, Jacob deGrom kuma a 2018 da 10 da 9.

Kyamarori da sauyin dokoki

An fara bin sawun jifa da kyamara a 2006, kuma daga 2015 tsarin Statcast yana auna saurin ƙwallo da kusurwar tashinta da juyawarta a dukkan filaye 30. Yanzu kowace ƙungiya tana da sashen ƙididdiga, kuma mafi kyawun bayanai suna kulle a hannunsu.

Da kowa ya bi lissafi ɗaya, sai salon wasan ya sauya. Masu bugu suka koma neman tsallake katanga ko da za a fitar da su, masu tsaro suka riƙa taruwa a gefen da mutum ya saba bugawa, ana kuma sauke mai jifa kafin masu bugu su gan shi karo na uku. A wasa na shida na World Series ta 2020, kocin Tampa Bay Rays Kevin Cash ya cire Blake Snell a zagaye na shida bayan jifa 73, alhali ya fitar da mutum tara kuma ƙungiyarsa na gaba da 1-0. Los Angeles Dodgers ta ci 3-1 ta ɗauki kofi. A 2018 adadin fitarwa da jifa ya zarce adadin bugu a karon farko a tarihin gasar, kuma a 2022 matsakaicin bugu na gasar ya sauka zuwa .243, mafi ƙasa tun 1968. Abin da ke kawo nasara bai zama lallai shi ne abin da ke da daɗin kallo ba.

A 2023 MLB ta hana taruwar masu tsaro a gefe ɗaya, ta ƙara faɗin tashoshi daga inci 15 zuwa 18, ta taƙaita yawan jifan da mai jifa zai yi don tsare ɗan gudu, ta kuma sa agogon jifa na daƙiƙa 15, ko 20 idan akwai mutum a tasha. Tsawon wasa ya ragu daga sama da awa uku zuwa kusan awa biyu da minti 40. Satar tasha, wato ɗan gudu ya ruga tasha ta gaba ba tare da jiran bugu ba, wadda masu lissafi suka daɗe suna cewa asara ce sai idan ana dacewa sau bakwai ko fiye cikin goma, ta tashi daga 2,486 a 2022 zuwa 3,503 a 2023, domin a ƙarƙashin sabbin dokokin masu gudu suna dacewa kusan sau takwas cikin goma.