Yankin Broca: mahaɗar magana da motsin jiki a ƙwaƙwalwa

Yankin Broca wani sashe ne a gaban ƙwaƙwalwa, galibi a ɓarin hagu, wanda ke shirya kalma kafin baki ya furta ta. A taswirar Brodmann, wadda ta raba saman ƙwaƙwalwa sashe-sashe da lambobi, shi ne mai lamba 44 da 45. Ya ci sunan likitan Faransa Paul Broca, wanda a 1861 ya duba wani majinyaci mai suna Leborgne. Mutumin yana gane abin da ake faɗa masa, amma "tan" kaɗai ke fita daga bakinsa, ga hannunsa da ƙafarsa na dama sun shanye. Da ya rasu aka duba ƙwaƙwalwarsa, sai ga lahani a wannan wuri.

Daf da bayan yankin akwai wani ziri da ke ba tsokar jiki umarni. Likitan tiyatar ƙwaƙwalwa Wilder Penfield ya fitar da taswirar zirin a 1937 a Kanada: maƙogwaro da harshe da leɓe suna daga ƙasa, maƙwabtan Broca ke nan, sai hannu a samansu, ƙafa kuwa tana can ƙoli. Yankin Broca ke jera sautuka, zirin ya aika wa tsoka, ƙaramar ƙwaƙwalwa da ke ƙeya kuma ta daidaita lokaci. Mai jin Hausa na iya gwadawa da "kafa" da "ƙafa". Wajen furta ƙ, bayan harshe yana danne ganɗa, ƙofar maƙogwaro ta rufe, maƙogwaron ya ɗaga sama ya matse iska, sannan harshe ya saki. Idan ɗaya ya riga ɗaya, ma'ana ta sauya.

Wannan maƙwabtaka ce ke bayyana abin da ake gani a shanyewar ɓarin jiki. Babbar jijiyar jini guda ce ke ciyar da Broca da wuraren fuska da hannu, kuma jijiyoyin umarni suna tsallakawa ɗaya ɓarin kafin su isa tsoka. Saboda haka idan ta toshe a hagu, magana ta ɗauke, baki ya karkace, hannun dama ya mutu. Ƙafa kan fi samun sauƙi domin wata jijiyar ce ke ciyar da wurinta. Kusan kashi 95 cikin 100 na masu amfani da dama cibiyar maganarsu a ɓarin hagu na ƙwaƙwalwa take, bahagwai kuwa kusan kashi 70.

Matsalar iri-iri ce, kuma bai kamata a haɗe su ba. Mai afasiya kalmar ce ke ɓace masa, har a rubutu. Wani ya san kalmar sarai, amma leɓe da harshe sun kasa bin jeri, sai ka ga yana laluben sautin. Wani kuma tsokar ce ta yi rauni, magana ta fito a cuɗe. Likita kan ba majinyaci alƙalami don ya bambance su.

Ɗaukewar magana farat ɗaya lamari ne na gaggawa. Maganin narkar da gudan jini akan ba da shi ne cikin awa 4 da rabi daga fara alamu, bayan hoton kai ya nuna ba fashewar jijiya ba ce.