Notin bututun mai ba ya son ƙarfi

Makonni na yi ina wanke wa wani bakanike ƙuna, shi ya sa na zauna rubuta wannan. Daga tafin hannu zuwa gwiwar hannu fatarsa ta saluɓe, hannu biyun duka. Wata huɗu ya kwashe yana farfaɗo da injin wata tsohuwar mota. Ranar da ya tayar da shi, sai ya ga fetur yana naso a bakin kafireta. Ya ɗauki sifana, inji na aiki, ya ƙara wa notin ƙarfi. Ya ce mini bai ji ƙarar komai ba, kawai sifanar ce ta yi sakayau a hannunsa. Ashe notin ya karye, man ya feso kan bututun hayaƙi mai zafi.

'Yan'uwana masu gyara da masu sha'awar motocin da, ku saurare ni. Kowa ya san noti sako-sako yana yoyo. Abin da ake yawan mantawa shi ne, wanda aka matse fiye da kima shi ma yana yoyo, kuma nasa ya fi muni, don ba ya gargaɗi.

Ku ɗauki notin nan mai rami a ciki, wanda ake kira banjo, ku ɗaga shi ga haske. Cikinsa fayau yake, ga kuma huda a gefe inda mai ke bi. Ƙarfen da ya rage a jikinsa kaɗan ne, ba zai jure abin da noti na yau da kullum ke jurewa ba. Kuma ba shi ke tare mai ba. Washa biyu na jan ƙarfe ko alminiyam, ɗaya sama ɗaya ƙasa, su ne ke lotsewa su cike ƙofar. Washar da ta lotse sau ɗaya ta riga ta taurare. In ka mayar da ita, ko ka hau kan sifana da ƙafa ba za ta sake kwanciya yadda ya kamata ba. Sabuwa za ka saka, duk lokacin da ka kwance. Ka goge fuskar da za ta zauna a kai, ka duba ko akwai ƙarzuwa. In littafin motar ya faɗi adadin ɗauri, ka nemi sifana mai ma'auni ka bi shi.

Ɗaya nau'in shi ne bututun ƙarfe mai buɗaɗɗen baki da ake ɗaurewa da noti a kan kafireta ko famfon mai. Nan ma haƙoran noti ba su ne ke tare mai ba, bakin bututun ne ke zama daram a mazauninsa. Saboda haka naɗa farin tef ɗin masu aikin famfo ba ya ƙara komai, sai ma ya yage ya shiga ciki ya hana allurar kafireta rufewa, mai ya yi ambaliya. Ka fara ɗaurawa da yatsu, zagaye uku ko huɗu. In ya cije tun farko, a karkace ya shiga, ka warware ka sake. Jikin kafireta ƙarfe ne mai taushi, haƙoransa ba sa yafiya. Sannan sifana biyu: ɗaya ta riƙe mazaunin kada ya juya, ɗaya ta ɗaure, kuma wadda ke rungume notin sosai, ba mai buɗaɗɗen baki da ke cinye kusurwa ba.

Ka san irin motar da ke gabanka. Famfon mai na injin kafireta bai cika kai rabin "bar" (ma'aunin matsi) ba, amma tsarin fesa wa inji mai na K-Jetronic da kamfanin Bosch ya fito da shi a 1973 yana aiki da kusan bar 5, kuma yana riƙe matsi bayan an kashe inji. A irin wannan, ɗan tsagi feshi yake yi, ba ɗiga ba. Masu Volkswagen Beetle kuma su girgiza ɗan bututun tagulla da ke shiga kafireta. An san shi da zarewa, ya zubar da mai kusa da distibuta, na'urar raba wa fulogi wuta, mai tartsatsi. Tsohon tiyon roba kuwa a sauya shi kawai, musamman inda ake haɗa fetur da sinadarin itanol, don yana cin robar da.

Ruwan fetur ba shi ke fara kamawa ba, tururinsa ne. Yana tashi ko a sanyin digiri 40 ƙasa da sifiri, ya fi iska nauyi, sai ya kwanta a ƙasa da cikin ramin gareji yana jiran tartsatsi. Kafin ka taɓa bututun mai, inji ya huce, ka cire wayar nagetif ta batir, ƙofofi a buɗe, tukunyar kashe gobara mai hoda a kusa da hannu. Bayan ɗauri, ka busar da wurin, ka tayar da inji na ɗan lokaci, ka kashe, ka manna farar takarda a ƙasan kowace mahaɗa. In ta jiƙe, kwancewa za ka yi ka duba, ba ƙarin ƙarfi ba. Ka sake dubawa bayan inji ya yi zafi ya huce.

In tsautsayi ya faɗa, kada a watsa wa wutar fetur ruwa, kada a wangale bonet. Wanda ya ƙone kuwa, a sa wurin ƙarƙashin ruwa mai sanyi mai gudu har minti 20, a cire zobe da agogo kafin kumburi, kada a shafa mai ko man goge baki, a rufe da abu mai tsabta a kai shi asibiti. Mutumin nan nawa baƙin mai aka shafa masa, sai da muka fara kankare shi kafin mu ga zurfin ciwon.