Tsohuwar kujera mai siraran ƙafafu: ma'anar "mid-century modern"

Akwai wata irin kujera da duk wanda ya tashi a gidan ma'aikacin gwamnati na zamanin Sardauna zai shaida ta ko daga nesa. Ƙafafunta sirara ne, suna ƙara tsukewa zuwa ƙasa, sun ɗan baje waje kamar na ɗan maraƙin da ke koyon tsayuwa. Hannuwanta katako ne zalla, babu sassaƙa babu ado, sai kushin biyu, na zama da na jingina. Tsintsiya tana shiga ƙarƙashinta ba sai an ja ta ba. A wurinmu tsohon yayi ce. A wurin masu tara kayan da a Turai da Amurka kuwa, wannan fasali yana da suna, kuma sunan kansa kuɗi ne: "mid-century modern".

Idan za a faɗe shi da Hausa, sai a ce salon zamani na tsakiyar ƙarni. Ƙarnin da ake nufi shi ne na 20, kuma yawanci ana ƙirga lokacin daga ƙarshen Yaƙin Duniya na Biyu a 1945 zuwa ƙarshen shekarun 1960, ko da yake wasu suna ja da shi baya har shekarun 1930. Waɗanda suka ƙera kayan ba da wannan suna suke kiran aikinsu ba. Su dai kayan zamaninsu suke yi. Sunan ya kama bakin mutane ne bayan 1984, lokacin da wata marubuciya Ba'amurkiya, Cara Greenberg, ta sa shi a kan littafinta game da kayan ɗaki na shekarun 1950.

Akwai wasu kalmomi biyu da suke tafiya tare da shi, kuma a nan ne mai saye yakan faɗa rami. "Antique" shi ne abin da ya kai shekara 100. "Vintage" kuwa, kalmar da ta samo asali daga girbin inabi da shekarar da aka yi girbin, a bakin 'yan kasuwa tana nufin abin da ya kai aƙalla shekara 20 amma bai cika 100 ba. Waɗannan biyu maganar shekaru suke yi, "mid-century modern" kuma maganar salo da zamani. Ɗauki kujerar hutawa ta fata da Charles da Ray Eames, miji da mata, suka zana wa kamfanin Herman Miller a 1956. Wadda aka ƙera a wannan shekara "vintage" ce, kuma ba za ta zama "antique" ba sai 2056. Amma kamfanin har yau yana ƙera ta sabuwa fil. Sabuwar ta gaskiya ce, salonta na tsakiyar ƙarni ne, sai dai ba tsohuwa ba ce. Sannan ga ta uku, kwaikwayo, wadda wata masana'anta ta buga ba da izinin kowa ba. A hoto duka ukun kama ɗaya ne, amma kama da wane ba ta wane. Shi ya sa idan mai sayarwa ya ce kaya "a salon wane" yake, to ya gaya maka a fakaice cewa ba wanen ne ya yi shi ba.

Me ya sa kayan suka fito a wannan siffa? Yaƙi ne ya fara shata hanyar. A 1942 su Eames suka samu kwangilar yi wa sojojin ruwan Amurka katakon ɗaurin karaya, ta hanyar manna siraran fallayen katako da gam, a gasa su, a lanƙwasa su su bi siffar ƙafar mutum. Da aka gama yaƙi sai dabarar ta koma kujera. Ga kuma sojoji sun dawo gida suna aure, ana ta gina ƙananan gidaje, babu wurin girke manyan kujerun kakanni masu nauyin jaki. Ana son abu marar nauyi, wanda inji zai iya bugawa da yawa, mai sauƙin sharewa. Adon duka sai ya koma cikin layin jikin abin da kuma hasken katakonsa.

Mutanen Denmak ta wata ƙofa suka shigo. Su ba su saki aikin hannu ba. Hans Wegner, wanda kafinta ne tun asali kafin ya zama mai zane, ya fitar da wata kujera mai zagayayyen baya a 1949, kuma a kan irinta John Kennedy da Richard Nixon suka zauna a muhawararsu ta talabijin a 1960. Wata kujerar tasa, wadda bayanta ya yi kama da harafin Y, kamfanin Carl Hansen yake yin ta tun 1950, kuma har yanzu da hannu ake saƙa mazauninta, da igiyar takarda mai tsawon kusan mita 120. Duk wanda ya taɓa tsayawa kan mai saƙa gadon igiya zai fahimci yawan aikin da ke ciki.

Ɓangaren fitilu ne ya fi burge ni, domin a nan ake ganin cewa kowace siffa tana da dalilinta. Poul Henningsen, shi ma ɗan Denmak, ya tsani yadda kwan lantarki tsirara yake kashe ido. Fitilarsa PH5 ta 1958 faranti ne a kan faranti, an jera su ta yadda ko ta ina ka kalle ta ba za ka ga kwan ba, haske kawai za ka gani. Isamu Noguchi, wani mai sassaƙa Ba'amurke ɗan asalin Japan, ya je garin Gifu na Japan a 1951, ya tarar da masu yin fitilun takarda da gora na gargajiya, ya sa musu lantarki, ya kira su Akari. Sai kuma Arco, wadda 'yan'uwa biyu 'yan Italiya, Achille da Pier Giacomo Castiglioni, suka zana a 1962: doguwar sandar ƙarfe ce da ta lanƙwaso daga gindin marmara ta rataya fitila a saman tebur, don kada a huda silin. Akwai rami a jikin marmarar. Ba ado ba ne. An yi shi ne don a zura sandar tsintsiya, mutum biyu su ɗauka.

Wani abin da ba kasafai ake faɗa ba shi ne daga inda katakon ya fito. Katakon tik (teak), wanda ya fi suna, na kudu maso gabashin Asiya ne. Amma masana'antun Ingila da na Denmak sun yi amfani sosai da afromosiya, itacen dazuzzukan Ghana da Najeriya da Kamaru da Kwango, har ana kiransa tik na Afirka. An sare shi ba ƙaƙƙautawa, har a 1992 aka sa shi cikin jerin itatuwan da CITES, yarjejeniyar ƙasashen duniya kan cinikin dabbobi da itatuwan da ke neman ƙarewa, ta taƙaita cinikinsu. A shekarar ce kuma aka hana cinikin wani jan katako na Brazil tsakanin ƙasashe, wanda da shi aka fara yin kujerar hutawar nan ta Eames. Wannan yana cikin dalilan da suka sa tsohuwar ta fi sabuwar daraja: katakon ba ya sake samuwa.

Mai tara irin waɗannan kaya ba ya fara da zama a kan kujera. Kifa ta yake yi. Yana neman tambarin kamfani, ko hatimin da aka ƙona a jikin katako, yana duba ko notunan na asali ne, ko an taɓa canza ƙafa. Tsufan da ya zo da kansa, wato duhun da hannu ya bari a inda ake dafawa da ƙananan tsagun fata, ƙara kuɗi yake yi. Gyaran ganganci kuwa kashe kaya yake. A gidan kawuna akwai wani dogon kabad mai ƙofofin turawa da ya saya a hannun wani Bature da zai koma gida. Da bikin 'yarsa ya matso aka kira kafinta, ya dube shi ya ce, "Alhaji, wannan ai ya sha jiki, bari in fito maka da shi." Ya kankare shi tas, ya shafe shi da farin fenti mai ƙyalli, ya cire hannayen katakon ya sa na roba masu ruwan zinare. Kowa ya yaba, har da ni. Sai bayan shekaru na gane abin da muka binne a ƙarƙashin fentin nan. Ba ina cewa duk tsohuwar kujera dukiya ce ba. Mafi yawan na gidajenmu kafintocin gari ne suka kwaikwaya daga kataloji, kuma darajarsu ta tunawa da masu su ce.

Wani lokaci kuwa abin yakan wuce kujera. A 1949 Jean Prouvé, maƙerin ƙarfe ɗan Faransa, ya ƙera wani gida na alminiyom da ƙarfe a masana'antarsa kusa da garin Nancy, aka ɗauko shi gunduwa-gunduwa a jirgin sama aka haɗa shi a Yamai. An tsara rufinsa ta yadda iska mai zafi za ta riƙa fita ta sama. Wasu biyu aka kai Brazzaville ta Kwango a 1951. Daga ukun nan ba a ƙara ba, domin ya fi ginin gida na gari tsada. Shekara kusan hamsin gidajen suna tsaye rana tana dukansu, babu wanda ya ɗauke su a bakin komai. Wajen 2000 wani dillalin kayan da daga Faransa, Eric Touchaleaume, ya zo ya saye su, aka kwance su aka mayar Turai. A 2007 aka yi gwanjon ɗaya daga cikin na Brazzaville a gidan gwanjo na Christie's da ke New York, ya tashi a kusan dala miliyan 5. Na Yamai ma ya tafi, daɓen siminti kawai aka bari a filin.