Me ya sa shaguna da manyan kantuna ke hana ɗaukar hoto?

Tunda kowa na iya shiga kanti, da wane dalili za a hana shi ɗaukar hoto?

Kanti yana buɗe ƙofarsa ga jama'a, amma yana da masu shi. Ko Ado Bayero Mall ne a Kano ko Jabi Lake Mall a Abuja, wanda ya shiga baƙo ne da aka ba izini bisa sharaɗi, kuma mai wuri yana da ikon gindaya sharuɗɗansa, kamar yadda maigida ke yi a zaurensa.

Ina ruwan hoto da tsaro?

Ɓarawo da ɗan ta'adda duk sukan fara nazarin wuri kafin su aikata ɓarna, su gano ƙofofin fita, da inda aka kafa kyamarorin tsaro, da inda ake karɓar kuɗi, kuma waya ta sauƙaƙa musu wannan aiki matuƙa. Harin da Al-Shabaab ta kai kantin Westgate a Nairobi a watan Satumban 2013 ya hallaka mutum 67, sannan bam ɗin da ya tashi a Emab Plaza da ke Wuse II a Abuja a watan Yunin 2014 ya kashe fiye da mutum 20. Wanda ya tuna waɗannan ba zai ga laifin mai gadi ba idan ya tsananta.

To mai ƙaramin shago fa, mene ne nasa tsoron?

A ganina nan ne babban dalilin yake, ko da yake ba kasafai ake faɗinsa a fili ba. Ɗan kasuwa yana cin abinci ne da abin da maƙwabcinsa ba shi da shi. Mai sayar da atamfa ko leshi a Kantin Kwari ya san cewa hoto ɗaya na sabon zane ya isa a aika wa masana'anta a Sin, a bugo kwaikwayonsa da araha tun kafin ya sayar da rabin dilarsa. Haka tela yake fargabar a sace masa salon ɗinki, haka mai gwal da samfurin sarƙarsa. Akwai kuma masu ɗaukar kaya da farashinsu don su kai wa abokin gasa, da 'yan damfara da ke ɗora hoton hajar wani a intanet su karɓi kuɗin mutane kan kayan da ba su mallaka ba.

Sauran masu sayayya suna da haƙƙi a ciki?

Ƙwarai kuwa. Sashe na 37 na kundin tsarin mulkin Najeriya ya kare sirrin ɗan ƙasa, kuma an kafa dokar kare bayanan mutane a 2023. Matar da ta fito sayayya da 'ya'yanta ba ta yarda a wayi gari fuskarta tana yawo a TikTok ba.

Idan mutum yana son nuna wa iyalinsa kaya kafin ya saya fa?

Sai ya nemi izini, ya kuma ɗauki hajar kaɗai ba tare da fuskar kowa ba. Yawancin masu shago sukan amince, wasu ma su karɓi lambarsa su tura masa hoton ta WhatsApp da kansu.