Waiwaye: Yadda kyamarar kumbo ta zama ma'auni

Kyamara mai faɗin gani tana lanƙwasa layin da yake miƙe, gefen hotonta kuma yakan fi tsakiya duhu. A hoton biki babu mai damuwa da haka. Amma ga masanin da zai auna faɗin rami a duniyar wata, wannan 'yar karkatar ta isa ta ɓata masa taswira.

Matsalar ta daɗe. Kumbon Mariner 4 na Amurka, wanda ya turo hotunan duniyar Mars daga kusa a watan Yulin 1965, kyamarar talabijin irin ta da ya ɗauka, mai kwalbar gilashi da hoto ke faɗawa a fuskarta. Irin wannan kyamara tana murɗe hoto a cikinta. Dabarar da aka yi wa kumbunan Voyager biyu, da aka harba a 1977, ta burge ni ƙwarai: an jera ƙananan ɗigo a fuskar kwalbar, an auna mazaunin kowanne tun a ƙasa. Idan hoto ya iso, sai a duba inda ɗigon suka gusa, kwamfuta ta mayar da su gurbinsu, hoton ya miƙe tare da su.

A 1990 aka ji jiki. Madubin hangen nesa na Hubble ya fara turo hotuna dishi-dishi, bincike kuma ya gano cewa na'urar da aka gwada shi da ita ce ta goce da milimita 1.3. Sai a Disambar 1993 'yan sama jannati suka je suka gyara. Hubble ba mai faɗin gani ba ne, amma kowa ya ɗauki darasin cewa ma'aunin ma sai an auna shi.

Kumbon Rosetta na Turai ya tashi a 2004, ya riski tauraro mai wutsiya 67P a 2014. Kyamararsa mai faɗin gani, wadda Jami'ar Padova ta Italiya ta jagoranci ƙerawa, tana ganin faɗin sama na kusan digiri 12. Aikin da aka ɗora mata mai wuya ne: ta hango ƙura da iskar gas masu raunin haske a gefen curin tauraron da rana ke haskawa. Don haka aka yi ta da madubai da aka kauce da su daga tsakiya, aka sa mata shinge mai tare hasken da ya ɓace hanya.

Gwajin ƙasa kuwa ba ya wadatarwa, domin girgizar harbawa da zafi da sanyin sama suna motsa kayan ciki. Shi ya sa ake juya kyamara ta ɗauki taurarin da aka san mazauninsu da ƙarfin haskensu, a sake saita ta. Kyamara mai faɗin gani ta kumbon LRO na Amurka, da ke zagaya duniyar wata tun 2009, tana ɗaukar kusan dukkan fuskar wannan duniya kowane wata cikin launi 7. Da yake tana ganin wuri ɗaya sau da yawa, rana na faɗo masa ta kusurwa dabam-dabam, masana suna iya rarrabe inuwa da ainihin launin ƙasar.