Thomas Becket: amsoshin tambayoyin da kuke ta maimaita mini

Wane ne shi?

Shugaban cocin Ingila ne da aka kashe a 1170 bayan rikici da sarki. Ɗan wani attajiri ne a Landan. Ya yi aiki a gidan Theobald, babban bishop na Canterbury, kuma Theobald ne ya gabatar da shi wa Sarki Henry na Biyu. A 1155 sarki ya damƙa masa hatimin masarautar Ingila.

Ashe dai magatakarda ne?

Ku daina raina muƙamin nan. Duk wasiƙar da za ta fita da sunan sarki sai ta bi ta hannunsa, kuma shi ke kula da kuɗin majami'un da ba su da bishop. A 1158 shi aka aika jakadanci Faris, a 1159 kuma ya ja dakaru a yaƙin Toulouse. Ku ɗauke shi a matsayin waziri, za ku fi kusa da gaskiya.

Da ma fada ne, wato limamin coci?

A'a. An naɗa shi fada ranar 2 ga Yuni 1162, washegari aka naɗa shi babban bishop na Canterbury. Bai daɗe ba ya mayar wa sarki hatiminsa, kuma daga nan zumuncinsu ya fara tsami.

Malamin coci ya yi kisa, wa zai hukunta shi? Wa ke da gaskiya?

Wannan ce tambayar da ta cancanci zama, don haka ku yi haƙuri da tsawon amsa. Kotun coci ba ta zubar da jini. Iyakarta ta tuɓe mutum daga muƙami, ta tsare shi, ko ta ɗora masa tuba. Kuma "malamin coci" a lokacin ya haɗa har da ƙananan ma'aikata masu yawan gaske. A taron da sarki ya kira a fadarsa ta Clarendon, cikin Janairun 1164, Henry ya ce coci ta yi shari'arta, amma in ta kama mutum da laifi ta tuɓe shi ta miƙa wa alƙalan sarki. Becket ya ce wannan hukunci biyu ne a kan laifi ɗaya.

In ka tsaya a gefen dangin mamaci, hujjar sarki ta fi nauyi, ni ma can nake karkata. Amma in ka duba sauran sharuɗɗan Clarendon, da suka hana ɗaukaka ƙara zuwa ga Paparoma sai da izinin sarki, za ka ga abin da Becket ke tsoro. Shi ma yana da nasa laifin, domin ya amince da sharuɗɗan da baki sannan ya ƙi buga hatimi. Kada ku damu in kun kasa zaɓar ɓangare, bishop-bishop ɗin Ingila ma sun rabu a kai.

Sarki ne ya ba da umarnin kashe shi?

Ya yi maganar fushi a Normandy da ke arewacin Faransa, jarumai huɗu suka ji suka tsallaka teku. Ranar 29 ga Disamba 1170 suka sare shi da takubba a cikin majami'arsa. A 1174 Henry ya shiga Canterbury ba takalmi, ya tsaya aka yi masa bulala a kabarinsa.

Ina kabarin yake yanzu?

Paparoma Alexander na Uku ya ayyana shi waliyyi a 1173, amma Henry na Takwas ya sa an rushe hubbarensa a 1538. Kyandir ɗaya ake kunnawa a gurbinsa yau.